JAKIN JEJI DA GANSAKUKAR DUTSE: MASU HAƘURI BIYU A HANNUN ƊAN ADAM

A wannan fili namu na yau za mu auna halittu biyu waɗanda, a ganin ido, babu abin da ya haɗa su. Ɗaya dabba ce mai kofato, nauyinta ya wuce kilo 200, tana gudu, tana kuka, tana harbi. Ɗayar kuwa wani ɗan tsiro ne da bai fi tsawon yatsa ba, ba saiwa, ba ganye, ba fure, kuma ba ya gusawa daga inda Allah ya aje shi. Dabbar ita ce jakin jeji na gabashin Afirka. Tsiron shi ne wanda Turawa ke kira liken, mu kuwa za mu kira shi gansakukar dutse, kuma za mu ɗauki iri guda daga cikinsa, mai ruwan lemo, wanda ke rufe filayen hamadar Namib a kudu maso yammacin nahiyarmu.

Su biyun nan suna zaune a wuraren da ke da matsanancin ƙarancin ruwa a Afirka. Shekaru dubbai rana da ƙishirwa ba su ga bayansu ba. Amma cikin ƴan shekarun da ba su fi rayuwar mutum guda ba, ɗan Adam ya kai jakin bakin ƙarewa, ya kuma bar wa filayen gansakukar tabon da ba ya warkewa da wuri. Dalilin haka shi ne abin da muke so mu duba tare.

KAKAN JAKINMU

Da farko a lura: jakin jeji daban yake da jakin dawa, mai zanen fari da baƙi a duk jiki. Jakin jeji, wanda masana ke kira Equus africanus, kamarsa ɗaya da jakinmu na gida, sai dai ya fi shi tsawon ƙafa da kyan ƙira. Tsayinsa a kafaɗa ya kai metir 1,25 zuwa 1,45, nauyinsa kilo 230 zuwa 275. Gashinsa toka-toka ne mai ɗan ja, cikinsa fari. Iri biyu aka sani a zamaninmu: na Somaliya, mai baƙin zane a ƙafafu, da na Nubiya, mai baƙin layi gicciye a kafaɗa, irin wanda kowa ke gani a bayan jakunanmu. Akwai na uku a da, a arewacin Afirka, amma ya ƙare tun zamanin Rumawa.

Daga wannan dabba jakin gida ya fito. A shekarar 2022 wasu masana, bisa jagorancin wata cibiyar bincike ta birnin Tuluz a Faransa, sun gwada ƙwayoyin gado na jakuna 207 na wannan zamani da na tsofaffin ƙasusuwa 31, suka gano cewa sau ɗaya aka horar da jaki, a gabashin Afirka, wajen shekara 7.000 da suka wuce, daga nan ya bazu cikin duniya. A Abidos ta ƙasar Masar an tono ƙasusuwan jakuna 10 da aka binne kusa da wani sarki na farkon fir'aunoni, shekara 5.000 ke nan. Ƙirarsu ta jakin jeji ce, amma gaɓoɓinsu sun nuna zaizayar ɗaukar kaya. Ashe jakin da ke kai mangala kasuwar Maraɗi, da wanda ke jan guga a rijiyoyin Tawa, da mai jan amalanke a Damagaram, duk jikokin wannan dabba ne.

A yau ragowar jakin jeji na ƙasashen Eritiriya da Habasha, a hamadar Danakil ta mutanen Afar. Wani sashe na wannan ƙasa ya fi metir 100 ƙasa da fuskar teku, kuma a wurin da ake kira Dalol an auna matsakaicin zafi na shekara ya wuce digiri 34, dare da rana, rani da damina. Duwatsun aman wuta ne da fagagen gishiri, inda ayarin raƙuma ke ɗibar gishiri kamar yadda namu ke yi a Bilma da Fashi.

TSIRON DA BA TSIRO BA

Mu bar gabas, mu gangara kudu maso yamma, ƙasar Namibiya. A arewa da garin Swakopmund, kusa da wani ƙauyen bakin teku mai suna Wlotzkasbaken, akwai fili shimfiɗaɗɗe na tsakuwa wanda daga nesa sai a ce an yayyafa masa jar ƙasa. Idan mutum ya durƙusa, zai ga ƴan ƙananan curi-curi masu rassa sirara kamar gashi, ruwan lemo, masu kama da ƙaramar itaciya. Ita ce gansakukar dutsen da masana ke kira Teloschistes capensis. Ana samun ta kuma a bakin tekun Afirka ta Kudu, kusa da inda kogin Oranj ke shiga teku.

Abin mamaki shi ne, wannan abu halitta biyu ne cikin jiki guda. Ɗaya dangin fumfuna ce da laimar kwaɗi. Ɗayar dangin gansakuka ce, irin koren da ke kwanciya a kan ruwan tabki. Fumfunar ita ke gina jiki, ta manne a dutse, ta tsotsi laima, ta yi wa abokiyar zamanta inuwa. Gansakukar, wadda ƙwayoyinta ke ɓoye a ciki, ita ke haɗa abinci daga hasken rana da iska, su ci tare. Da a ce kowace ita kaɗai take, ba wadda za ta rayu a wannan fili. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wani masani ɗan ƙasar Suwis, Simon Schwendener, shi ya fara bayyana wannan zaman tare a shekarar 1867, kuma da yawa cikin masanan zamaninsa suka ƙi yarda, sai daga baya gaskiyarsa ta fito. A yau an san irin wannan tsiro wajen 20.000 a duniya.

MAI TAFIYA DA MAI JIRA

Tambayar da hamada ke yi wa kowace halitta guda ce: ina za ki sami ruwa? Jakin da gansakukar kowa da amsarsa.

Jaki tafiya yake yi. Yana cin busasshiyar ciyawa da ganyen ƙaya da ɓawon itace, yana kiwo da sanyin safe da na maraice, da tsakar rana ya nemi inuwar dutse. An gwada an gani, jaki na iya rasa ruwan jiki har kashi 30 cikin 100 na nauyinsa bai faɗi ba, sa'an nan in ya sami ruwa, cikin minti 5 ya mayar da abin da ya rasa. Duk da haka ba ya rabuwa da mashaya. Yana bukatar sha aƙalla sau ɗaya a kwana 3, jaka mai shayarwa kuwa kullum. Don haka galibi ba a ganin su fiye da kilometir 30 daga ruwa. Babban namiji kan kama yanki kusa da mashaya, ya tara kashi a iyakokinsa don shaida, ya jira matan da za su ratsa. Ba su da garke na dindindin; zumuncin da ke ɗorewa shi ne na uwa da ɗanta.

Gansakuka jira take yi. A bakin tekun Namib ruwan sama bai kai milimetir 20 a shekara ba, wato kamar na Bilma. Amma akwai wata igiyar ruwa mai sanyi, ana kiranta Bengela, da ke bin gaɓar tekun daga kudu. Idan iska ta ratsa kanta sai ta yi sanyi, ta zama hazo, ya shigo tudu cikin dare. Kada a ɗauka irin hazonmu ne na hunturu, mai ƙura da busar da leɓe. Wannan hazo ne mai laima, kamar girgije ya sauko ƙasa, kuma yana zuwa fiye da kwana 100 a shekara. Siraran rassan gansakukar su ke tare shi, su sha, su yi laushi. Wani masani Bajamushe, Otto Lange, ya auna aikinta a wurin, ya tarar da cewa ƴan sa'o'in farko na safiya kaɗai take samu ta haɗa abinci, tsakanin fitowar rana da bushewar raɓa. Da rana ta ɗaga sai ta bushe ƙayau, numfashinta ya tsaya kamar matacciya, har wani daren. Launin nan nata na lemo ma garkuwa ce daga ƙunar hasken rana.

Juriyar wannan dangi ta wuce misali. A shekarar 2005 hukumar sararin samaniya ta Turai ta aika iri biyu na gansakukar dutse sama cikin kumbo, ɗaya daga cikinsu ƴar dangin wannan ta Namib ce. Aka buɗe su a fili mako biyu, ba iska, ba ruwa, ba kariya daga rana. Da aka dawo da su aka jiƙa, sai suka ci gaba da rayuwa.

KUƊIN HAƘURI

To, in haka ne, me ya sa masu irin wannan ƙarfi ke cikin haɗari? Amsa tana cikin haƙurin nasu. Duk halittar da ke rayuwa da kaɗan, a hankali take girma, a hankali take haihuwa. Hamada ba ta ba da abin gaggawa.

Jakar jeji ba ta haihuwar fari sai ta shekara 3 ko 4. Cikinta wajen wata 12 ne, ɗa guda take haifa, kuma galibi sai ta tsallake shekara kafin ta sake. A gwada da akuya, mai ciki wata 5, wadda sau da yawa tagwaye take zubawa. Makiyayin da fari ya cinye masa awaki na iya mayar da garkensa cikin ƴan shekaru. Amma jaka guda da aka harbe a jeji, an harbe ta tare da duk ƴaƴan da za ta haifa cikin shekara goma ko fiye.

Gansakukar dutse ta fi haka jinkiri. Sa'o'i kaɗan na aiki a rana ba su gina jiki da sauri. Yawancin irinta milimetir kaɗan suke ƙaruwa a shekara, wasu ma ba su cika milimetir guda ba. Curin da bai cika tafin hannu ba yana iya girme wa mutumin da ya taka shi. Kuma lokacin da take a bushe, wato mafi yawan yini, ƙarfinta bai fi na busasshen ganye ba: ƙafa ko taya ta bi ta kai, sai ta zama gari.

Ga inda dabarar kowannensu ta zama tarko. Jaki dole ya zo mashaya, maharbi kuwa ya san mashayar. Gansakuka dole ta zauna a fili shimfiɗaɗɗe inda hazo ke ratsawa, irin filin da direba ke sha'awar yankewa.

HANNUN ƊAN ADAM

Abu uku suka kassara jakin jeji. Na ɗaya farauta, domin nama da kuma magani, don ana dafa kitsensa da ƙasusuwansa a ba masu tarin fuka da ciwon baya da ciwon gaɓoɓi. Yaƙe-yaƙen da aka yi a wannan yanki sun cika ƙasar da bindigogi, abin da ya sauƙaƙa kisan. Na biyu gasa da dabbobin gida: a ƙasar da ruwan sama bai fi milimetir 200 ba, raƙuma da awaki da tumaki suna cin ciyawar da yake ci, kuma idan makiyaya suka sauka a mashaya ko suka kewaye ta da ƙaya, jaka mai shayarwa ba ta da wurin sha. Na uku barbara da jakunan gida, wadda ke iya narkar da irin a hankali ba tare da an zubar da jini ba.

Sakamakon ya bayyana. Daga shekarun 1970 zuwa yau an kiyasta cewa a Habasha yawansu ya ragu da fiye da kashi 90 cikin 100. Ƙungiyar duniya mai kula da kiyaye halittu, UICN, ta sa jakin jeji a matakin ƙarshe kafin ƙarewa tun shekarar 1996. A ƙiyasinta na 2015, duk waɗanda suka rage a jeji ba su wuce 600 ba, manya masu haihuwa kuwa ba su wuce 200 ba. A dubi wannan: ƙasar Habasha ta fi kowace ƙasa a duniya yawan jakunan gida, kusan miliyan 10, amma kakanninsu na jeji a can ba su kai 200 ba.

Ita gansakuka ba mai farautarta, ba mai cinikinta. Ɓarnarta ta rashin kula ce. Masu yawon buɗe ido da masunta na bakin teku sukan bar hanya su ratsa fili da mota, haka ma motocin masu neman ma'adinai. Taya na murƙushe tsiron, ta kuma fasa ɓawon ƙasar da yake riƙe da shi. Sawun motar da ta wuce sau ɗaya tak yakan zauna a fili shekaru gommai, ana ganinsa daga jirgin sama kamar zanen wuƙa. Inda ɓawon ya fashe, iska ta sami ƙofa, ta kwashe ƙasa, ƙwari da sauran ƙananan halittun da ke fakewa a wurin su rasa gida.

ABIN DA AKE YI

An hana cinikin jakin jeji tsakanin ƙasashe. A shekarar 2017, a taron birnin Manila, an shigar da shi cikin jerin dabbobin da yarjejeniyar Bon ke ba cikakkiyar kariya, aka kuma tsara shirin shekara 10 na ceto shi. Habasha ta daɗe da keɓe masa gandun Yangudi Rasa da na Mile Sardo, sai dai gandu a takarda ba ya tsare dabba in babu ma'aikata da kuɗi. Wurin da jakin ya fi samun sauƙi shi ne tudun Mesir a Eritiriya, inda mutanen Afar na yankin ba su harbinsa, suna barinsa ya sha a inda dabbobinsu ke sha. Wata masaniya ƴar Amurka, Patricia Moehlman, ta shafe shekaru tana aiki da masanan ƙasashen biyu a kan ƙidayarsu da halayensu. A waje kuma, gidan dabbobi na birnin Bal a Suwis ya karɓi guda 5 daga Somaliya a shekarar 1970, ya sami haihuwar farko a 1972, kuma a yau akwai sama da 200 a gidajen dabbobi na duniya.

A Namibiya, a shekarar 2010 gwamnati ta kafa gandun ƙasa na Dorob, wanda ya haɗa da filayen gansakuka na Wlotzkasbaken, aka hana tuƙi a wajen hanyoyin da aka shata.

A nan bambancinsu ya fito. Jaki ana iya kai shi gidan dabbobi a ajiye irinsa, amma a jeji yana bukatar ƙasa mai faɗi da yardar makiyaya, domin shi da su ruwa guda suke sha. Fili na gansakuka ba a ɗaukarsa a kai wani wuri, tun da ba a ɗaukar hazo. Amma abin da yake nema ga mutum kaɗan ne ƙwarai: a bi hanya, a bar shi. Akwai kuma bambancin farin jini. Jaki yana da ido da murya, ana jin tausayinsa, ana tara kuɗi dominsa. Gansakuka ba ta kuka, mai taka ta bai ma san ya yi kisa ba.

MU FA?

Ba mu da jakin jeji na Danakil, ba mu da hazon Namib, amma labarin nan ba baƙo ba ne a Nijar. Jiminar duwatsun Ayar, wadda dattawa suka sani da yawa, ta ƙare a jeji, sai waɗanda ake kiwo a killace kamar a Kelle, cikin jihar Damagaram. Raƙuman dawa na Kure, kusa da Yamai, sun ragu har zuwa 49 a shekarar 1996. Da hukuma da manoman yankin suka haɗa kai aka daina kashe su, suka haura 600, har a shekarar 2018 aka ɗauki 8 aka kai gandun Gadabeji a jihar Maraɗi. Wannan shaida ce cewa mai jinkirin haihuwa ma yana dawowa, muddin an bar masa iri da lokaci.

Jakin gida kansa ya ɗanɗani abin da kakansa ke sha. Sa'ad da cinikin fatar jaki zuwa ƙasar Sin ya yi ƙamari, farashinsa ya tashi har ya fi ƙarfin talaka, gwamnatin Nijar ta hana fitar da jakuna a shekarar 2016, kuma a watan Fabrairu na 2024 Tarayyar Afirka ta amince da hana yanka jakuna domin fata a duk nahiyar. Dalilin guda ne: dabbar da ke shekara da ciki ba ta iya cike giɓin mahauta.

A ƙarƙashin ƙafarmu ma akwai mai kama da gansakukar Namib. Duk manomin da ya bar saura ya san wani baƙin ɓawo da ke kwanciya a kan yashi bayan ƴan damuna. Masana sun bincike shi a yankin Banizumbu, gabas da Yamai, suka tabbatar da cewa ƙananan halittu ne masu rai ke saƙa shi, yana ɗaure yashi kada iska da ruwa su kwashe. Yawan takawar dabbobi na fasa shi, kuma gyaruwarsa ba ta kwana ɗaya ba ce.

Saboda haka, ƴan'uwa, kada ƙarfin halitta ya ruɗe mu mu ce ba abin da zai same ta. Abin da ya jure rana shekara dubu yana iya kasa jure harsashi guda ko taya huɗu. Maharbi ya san cewa ba kowace dabba ce ke mayar da abin da aka ɗiba ba. Makiyayi ya bar wa namun jeji hanyar mashaya. Direba ya bi sawun da ya tarar, kada ya buɗe sabo. Malamin makaranta kuma ya nuna wa yara ƙananan halittu kamar yadda yake nuna musu manya. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Allah ya ba mu ikon riƙe amanar da ya ɗora mana, amin.